Kwalin Ƙasusuwan Auta da Kujerar Baba

Anti mai shawara,

Don girman Allah ki taimake ni kafin ƙarshen watan nan. Akwai wata magana a bakina wadda in na furta ta ba ta komawa, kuma na kasa gane ko Allah ne yake so in faɗe ta ko zuciyata ce kawai take tunzura ni. Na rasa wanda zan gaya wa. Duk wanda na sani, in ba ɗan cocinmu ba ne to danginmu ne, kuma mutanenmu kafin ki rufe baki labarinki ya riga ki isa bakin titi. Shi ya sa na kawo kukana gare ki, ke da ba ki san fuskata ba. Ki sakaya sunana.

Ni tela ce, kuma ni ce babba a ɗakinmu. Mu biyu mahaifiyarmu ta bari, ni da ƙanwata da kowa ke kira Auta. Babanmu kafinta ne a da, kuma dattijon ikkilisiya ne tun kafin in yi wayo. Ciwon suga ya cinye masa ido, yanzu ko fitila aka kunna a gabansa bai sani ba. Da abin ya same shi ba wanda ya ce in dawo. Ni da kaina na rufe shagona na bakin kasuwa, na ɗauko keken ɗinkina na kafa shi a ɗakin gaba na gidansa. Maigidana direban babbar mota ne, dama ba mazauni ba ne, ya ce in yi abin da ya fi mini kwanciyar hankali.

Ni ke auna masa suga da safe. Ni ke yi masa allura, ni ke duba tsakanin yatsun ƙafarsa ko wani rauni ya ɓuya, ni ke kokawa da shi a kan cokalin sukari a shayi, ni kuma ke karanta masa Maganar Allah kafin in hau keke. Ban faɗi wannan don a yaba mini ba, uba ne. Amma tun da idon ya tafi Baba ya zama wani mutum daban. Mutumin da a da in yana gardama a bakin shagonsa har masu wucewa ke tsayawa, sai ya koma zama a kujera, hannu a kan gwiwa, kai a sunkuye. In na gama masa hidima ya ce Allah ya yi mini albarka, shi ke nan hirar ta ƙare. Na ɗauka tsufa ne da baƙin cikin rashin ido, na haƙura na karɓe shi a haka.

Ita Auta malamar bayoloji ce a makarantar sakandare, can ɗaya gefen gari. Ranar Asabar take zuwa, da rana tsaka, da turarenta da takalminta mai ƙwas-ƙwas, ta shigo tana kiran Baba tun daga ƙofa kamar gidan ya yi shekara bai ga mutum ba. Abin da take koya wa 'ya'yan mutane shi ne wai halittu duka dangin juna ne, daga tushe ɗaya suka fito, suka yi ta rikiɗa a hankali cikin shekarun da ba sa ƙirguwa, wanda ya dace da wurinsa ya rayu ya hayayyafa, wanda bai dace ba ya ɓace. In na ce mata wato kakanmu biri ne ke nan, sai ta yi wannan murmushin nata mai ƙona rai ta ce ba haka aka ce ba, wai mu da biri kaka ɗaya muka haɗa can baya. Ni dai ban ga inda wannan ya gyara zancen ba. Kuma wai ita ma Kirista ce, tana zuwa sujada, tana cewa Allah ne ya yi komai amma ta wannan hanyar ya bi. Ni a wurina raba ƙafa ne. An rubuta cewa cikin kwana shida Allah ya yi halitta, an rubuta kowace halitta bisa ga irinta, a haka Baba ya koya mana, a haka na tsaya.

Daga fiffiken kaza abin ya faro, Anti, ki ji abin haushi. Ni na dafa kazar ma. Baba yana ci, ya gama tsotse fiffike, sai Auta ta kama yatsunsa ta bi da su a kan ƙashin: ga guda ɗaya a sama, ga biyu a jere, ga ƙanana a ƙarshe. Sai ta ɗora yatsun nasa a kan hannunta ita, ga guda ɗaya, ga biyu, ga ƙanana. Baba ya koma kan ƙashin, ya dawo kan hannunta. Can sai na ji ya gyara murya irin ta da, ya ce ai wannan ba abin mamaki ba ne, ko a cikin duhu aka ba shi kujera da tebur da ƙofa zai gane in kafinta ɗaya ne ya haɗa su, don kowa da irin haɗinsa. Ta ce to ko kuma gado ne, kamar yadda ita da shi suke da kunne iri ɗaya. Ya ce ƙarya take. Ta ce ba ƙarya ba ce. Har miyar ta huce a kwano suna abu ɗaya.

Asabar ta gaba Auta ta zo da kwali. Kayan koyarwa ne na makarantarsu da take arowa: ƙafar gaban akuya da aka ɗaure da waya, fiffiken jemage a kan allo, hannun biri na roba, da ƙoƙon kai har kala-kala, su ma na roba. Teburin da Baba ya ƙera da hannunsa, wanda muke addu'ar safe a kansa, a nan ake baje su. Yana lalubawa, yana ƙirga gaɓoɓi, yana yi mata tsawa, tana mayar masa, sai kuma su fashe da dariya. Ni ina ɗakin gaba, bango ɗaya ne tsakaninmu. Sau nawa nake tsayar da keke da ɗinki a ƙarƙashin allura don in ji abin da suke cewa. Akwai ranar da na haɗa hannun riga a juye saboda kunnena yana can, sai da na farke na sake.

Yanzu tun ranar Alhamis Baba yake tambayata ko gobe ce Asabar. Ranar Juma'a zai ce in kira mai aski. Ni da nake tare da shi kullum ba a yi mini aski, sai mai kwali.

Bari in faɗa miki ba ɓoye-ɓoye, kishi nake yi. Kishin ƙanwata nake yi, uwa ɗaya uba ɗaya, da girmana da furfurata da ta fara leƙowa. In na ji takalminta a ƙofa sai in ɗaure fuska. Ni ce yarinyar da ta haddace ayoyi, ni ake tsayarwa a gaban makarantar Lahadi in yi tilawa ana tafi. Duk abin da Baba ya ce ban taɓa ce masa don me ba. Auta kuwa tun tana ƙarama ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, ita ce mai tambayar wa ya ga lokacin da Allah ya halicci haske tunda ba a yi mutum ba tukuna, har sai Baba ya kore ta daga tebur. Na girma ina ganin ni ce ta hannun damansa, ita kuma addu'a ake yi mata. Yau ga shi wadda ta riƙe koyarwarsa tana wanke masa ƙafa a shiru, wadda ta yi watsi da ita kuma ita ke samun dariyarsa. Ina adalci a nan?

Kada ki ɗauka ba ni da abin cewa. Wata Asabar na ji Auta ta ɗora hannunsa a kan wani ɗan ƙashi na ƙarshen gadon baya, tana cewa wannan ragowar wutsiya ce, in an ƙera mutum daban ne daga farko me ya kawo saura irin wannan a jikinsa. Baba ya yi ta kame-kame, ya ce shi ma ya sha barin guntun katako a bayan kabad inda ido ba ya kai wa, suka yi dariya. Ni kuwa amsa tana bakina. Duk telan da ya san aikinsa yana barin rarar yadi a cikin ɗinki, a ninke, ba a ganinta. Wanda bai sani ba zai ce saura ce ko kuskure, alhali da gangan aka bar ta, ita ke riƙe ɗinkin, da ita ake buɗa riga in jiki ya ƙaru. Na miƙe, na haɗa shayi don in sami dalilin shiga. Ina sa ƙafa a ɗakin suka yi tsit. Auta ta jawo mayafinta ta rufe ƙasusuwan, Baba ya ce a bar zancen haka nan, Yaya ba ta son irin wannan. Na ajiye shayin na fita, ko kallonsu ban yi ba. Ban kai bakin keke ba suka ci gaba.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne da yamma, bayan ta tafi, Baba ya kira ni da murya mai daɗi. Zuciyata har ta yi sanyi, na ce yau za a yi hira da ni. Ashe roƙo ne, wai kwalin ya fara yagewa, in taimaka in ɗinka wa Auta jaka mai soso a ciki, da aljihu-aljihu, don kada fiffiken jemagen ya karye a mota. Na ce to. Yadin yana nan a yanke a kan tebur, na kasa haɗa shi.

Ga inda matsalar ta fito waje. Matar fastonmu, Mama muke ce mata, ni ke yi mata ɗinki. Ta zo gwajin riga ranar wata Asabar, ta ce bari ta leƙa ta gaida Baba. Ban yi tunanin komai ba. Tana ɗaga labule ta ga dattijon ikkilisiya rungume da ƙoƙon kai, yatsunsa a cikin ramin idon, wasu ƙasusuwa baje a gabansa. Ta kurma ihu, ta yi baya har ta take mini almakashi, ta fita da rigar gwaji a jikinta, allurai a kafaɗa. Kafin Lahadi zance ya zaga zumuntar matan cocinmu cewa ana tsafi a gidanmu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rantsuwa cewa ƙoƙon kan nan roba ce, kayan makaranta ne. Ashe gara tsafin. Da suka ji abin da ake yi da robar sai zancen ya koma wai an sami tsoho makaho ana cusa masa cewa ba Allah ne ya yi mutum ba.

Makon jiya Mama ta dawo karɓar rigarta. Ta zauna ta kama hannuna, ta ce ita ta san ni 'yar gaskiya ce tun ina yarinya. Ta ce majalisar dattawa za ta zauna ƙarshen wata, kuma fasto ba ya son ya yi hukunci da jita-jita, maganata suke jira tunda ni ce a gidan. Tambaya ɗaya ce: Baba yana nan a kan koyarwar halitta ko ya fara karkata? In yana nan, zance ya mutu. In ya karkata, za su hutar da shi daga kujerar dattawa cikin mutunci, a ce saboda rashin lafiya, kuma a ja wa Auta kunne ta daina kawo kayan nan gidan.

To ni ina da abin faɗa, kuma gaskiya ne, da kunnena na ji. Yawancin lokaci Baba yana kan kwana shidansa, yana kare su da ƙarfinsa. Amma akwai ranar da Auta ta gama yi masa bayanin ƙasusuwan da ake tonowa daga cikin duwatsu, sai ya ce a hankali wa ya sani, watakila kwana a wurin Allah ba irin kwananmu ba ne. Wannan jimlar kaɗai in na kai musu ta isa. Kwali ya daina shigowa, Asabar ta koma kamar kowace rana, Baba ya dawo hannuna ni kaɗai.

Ina gaya wa kaina cewa don imaninsa zan yi, tsoho ne, ƙafarsa ɗaya tana kabari, bai kamata a rikita shi a ƙarshen tafiya ba. Ina gaya wa kaina dattijo abin koyi ne, matasa suna kallonsa. In na durƙusa yin addu'a a kai sai in ji duk wannan daidai ne. Amma da na tuna fuskar Auta in aka ce ta kwashe kayanta, sai in ji wani daɗi ya ratsa ni, kuma daɗin nan ne yake ba ni tsoro. Kujerar dattawan nan ita kaɗai ta rage wa Baba a cikin mutane. Shago ya tafi, ido ya tafi, matarsa ta tafi.

Anti, in faɗa ko in yi shiru? In na yi shiru ban ci amanar ikkilisiya ba? In kuma na faɗa, wa na yi wa aiki? Ki gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ciwo.

Taki,
Babbar 'ya mai ɗinki

AMSA

'Yar'uwata mai ɗinki,

Na karanta wasiƙarki, na yi dariya a wurin Mama da allurai a kafaɗa, na kuma ji tausayinki a wurin jakar nan. Amsar tambayarki gajera ce: kada ki kai jimlar. Sauran bayanin kuma ga shi.

Da farko, ba zan raba gardamar kwana shida da rikiɗar halittu a wannan shafi ba, ni ba fasto ba ce, ba kuma malamar kimiyya ba. Abin da na sani shi ne masana ilimin halittu kusan duka sun yarda da abin da ƙanwarki take koyarwa, kuma aikinta ne ta koyar da shi daidai. Na kuma san cewa a cikin Kiristoci masu tsoron Allah akwai waɗanda suka riƙe kwana shida kamar yadda kika riƙe, akwai kuma waɗanda suke ganin labarin halitta ya zo ne ya gaya mana wanda ya yi da dalilin yi, ya bar wa bincike yadda aka yi. Duka ɓangarorin suna durƙusawa gaban Mahalicci ɗaya. Saboda haka ki daina kiran imanin Auta raba ƙafa, ita ma kada ta ɗauki naki rashin karatu. Wanda ya ce watakila kwanan Allah ba irin namu ba ne bai ce babu Allah ba, bai kuma ce ba shi ya yi mutum ba.

Ke da kanki kin riga kin gano abin da ke tura ki. Kin ce daɗin da kike ji yana ba ki tsoro, to ki saurari wannan tsoron, shi ne mai gaskiya a cikin muryoyin da ke kanki. Da imanin Baba ne ya dame ki, da tuni kin zauna a gabansa kin tambaye shi, tunda bango ɗaya ne tsakaninku. Ba ki yi ba. Majalisa kike so ta yi miki abin da kika kasa yi da bakinki, wato ta kori Auta. Kuma ki lura, maganar da mutum ya yi a ɗakinsa yana tunani a fili, tsakaninsa da 'yarsa, wadda ke kika jiyo ta bayan bango, ba shaida ba ce. In kika ɗauke ta ita kaɗai kika bar duk Asabar ɗin da ya yi yana kare kwana shida, kowace kalma gaskiya ce amma hoton da kika kai ƙarya ne.

Ban ce ki yi wa Mama ƙarya ba, kuma damuwarsu ba shirme ba ce, ikkilisiya tana da haƙƙin sanin abin da dattawanta suka gaskata. Hanyar da suka bi ce ba daidai ba. Babanki ido ya rasa, bai rasa hankali ko baki ba. Ki gaya wa Mama cikin ladabi cewa kayan makaranta ne, Baba yana addu'arsa yana sauraron Maganar Allah kamar kullum, amma abin da ke zuciyarsa ba ke za ki faɗa a madadinsa ba, fasto ya zo ya tambaye shi da kansa. Kafin nan kuma ki sanar da Baba duk abin da ake ciki, yau ɗin nan. Ana shirin yanke hukunci a kan mutum a bayan idonsa, ke kin sani shi bai sani ba, wannan bai dace ba. Mutumin da masu wucewa ke tsayawa jin gardamarsa zai iya amsa wa fasto.

Yanzu ga naki haƙƙin, domin kishin nan bai faɗo daga sama ba. Ke ke ɗauke da allura da wankin ƙafa da faɗan sukari duk mako, Auta ta zo ta kwashi dariya ta tafi. Duk wanda aka yi wa wannan rabon zai ji haushi. Ki kira ta ku zauna ku biyu, ba a gaban Baba ba, ki gaya mata kin gaji, ki kuma gaya mata kina jin an bar ki a waje. Ta karɓi kai shi asibiti, ta koyi yin allurar, ta riƙa kwana wani ƙarshen mako ke ki je ki ga gidanki da mijinki. Ina kyautata zaton ba ta san nauyin ba ne, domin irinku masu cewa to ga komai ba a gane kun gaji sai kun faɗi.

Game da Baba kuma, ina ganin kin karanta shi a juye. Ba ra'ayin Auta ne yake sa shi kiran mai aski ba, ai har yanzu ƙaryata ta yake yi. Tun da ya makance kowa lallaɓa shi yake, kowa na ce masa to Baba, sannu Baba. Ita kaɗai ce take ce masa ba haka ba ne, ta ba hannunsa aiki, ta ɗauke shi a matsayin mutumin da ake iya kayarwa ko ya kayar. Shirun da suka yi da kika shigo ba korarki ba ce. Shekara da shekaru kina nuna musu zancen yana ɓata miki rai, sai suka rufe shi don su kiyaye ki, ke kuma kika ɗauka ƙofa aka rufe miki. Wannan kuskuren ku ukun kuka haɗu kuka yi shi.

Asabar mai zuwa ki rufe keke, ki shiga ba tare da shayi ba, ki ja kujera ki ce ke ma kina da magana. Ki tafi da riga ki juya cikinta, ki ɗora yatsunsa a kan rarar yadin, ki faɗi abin da kika faɗa mini. Auta za ta kawo amsa, malama ce, watakila ma amsar ta fi ƙarfinki a ranar. Ba laifi, ki koma ki yi tunani ki dawo wata Asabar. Ba sai kin saki kwana shidanki ba kafin ki zauna a teburin, su ne ma kujerarki a wurin. Jakar kuma, in kin ga dama ki ɗinka, in ba ki ga dama ba ki ce ba za ki ɗinka ba, ki faɗi dalili. Ko wannan ma gardama ce, kuma babanki yana son gardama.

Ki yi tunanin Lahadin farko bayan an hutar da shi. Ba Auta ce za ta kasance a wurin ba, ba kuma Mama ba. Ke ce za ki riƙe hannunsa ki wuce da shi layin dattawa zuwa bencin baya, kuma da kun dawo gida ke zai juya ya tambaya, da wannan amanar da yake da ita gare ki, wa ya kai musu maganar ɗakinsa. Ki zaɓi abin da za ki iya amsa masa a ranar.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka miki da alheri a kan hidimar da kike yi, ya kuma sanyaya tsakaninki da ƙanwarki.

Antinki